Amsa: Tafiya Japan ba tare da kamfanin yawon buɗe ido ba

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya shirya tafiyarsa Japan da kansa bayan da suka sassauta dokokin korona. E, zai yiwu. Tun ranar 11 ga Oktoba 2022 suka cire ƙa'idar adadin masu shiga a rana, suka kuma daina tilasta wa baƙi biyo ta hannun kamfani.

Sai dai kada maganar shiga ba biza ta ruɗe ka, wannan na wasu ƙasashe ne, fasfo ɗinmu na Najeriya ba ya ciki. Ka fara da ofishin jakadancinsu da ke Abuja, kada ka biya kuɗin jirgi sai biza ta fito. Ni na yi gaggawa, na sayi tikitin da ba a canza rana, na ji a jikina.

A da sai ka riƙe shaidar allurar rigakafin korona sau uku, in ba ka cike ukun ba to gwajin korona na PCR cikin awa 72 kafin tashi, amma sun daina neman waɗannan tun 2023. Cike Visit Japan Web, wato shafinsu na intanet na bayanan shiga ƙasa da kwastan, tun kana gida, ka ajiye hoton lambar QR da zai ba ka a waya, don intanet na iya ba ka kunya a filin jirgin sama na Narita.

Sallar Juma'a kuwa, nemi masallacin Tokyo Camii a birnin Tokyo, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Yoyogi-Uehara.