Ta yaya mutum 1,000 za su wakilci ƙasa guda?

Tambaya: Malam, nakan ji an ce an tambayi mutum 1,000 an gano ra'ayin 'yan Najeriya, alhali mun haura miliyan 200. Anya wannan ba yaudara ba ce? Daga mai karatu, Zariya.

Amsa: Ba lallai yaudara ba ce, ɗan'uwa. Mai sayen gero a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu, yakan zurfafa hannu ya ɗebo kaɗan ya duba, domin ya san wasu kan shimfiɗa tsaba mai kyau a sama su bar mai tsakuwa a ƙasa. Haka binciken yake. Muddin an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa ke da damar shiga daidai da kowa, lissafi ya nuna cewa a sau 95 cikin 100, amsar mutum 1,000 ba za ta kauce wa ta jama'a duka da fiye da kusan kashi 3 cikin ɗari ba. Abin mamaki, girman ƙasar bai cika sauya wannan ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen mutanen. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce ɗan takara Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Sai dai yawancin sunayen daga littattafan lambobin tarho da rajistar motoci ta samo su, wato na masu hali, kuma akasarin waɗanda ta aika wa takarda ba su amsa ba. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48.