Rage sauri kafin ka kai kilomita 21

Ka ce kana shirin gudun famfalaki na kilomita 21, kullum kana fita da iya ƙarfinka, amma da ka kai 10 sai numfashi ya ƙare. Ɗan'uwa, rage sauri. Yawancin fitarka ta zama a hankali, yadda za ka iya hira da abokin gudu ba haki. Gudu mai zafi sau ɗaya a mako ya isa.

Na ga amfaninsa sosai: gudun sannu ne ke koya wa zuciya tura jini da yawa a bugu ɗaya, tsoka kuma ta saba ƙona kitse. Amma idan ƙashin ƙwaurinka na ciwo a wuri guda in ka danna da yatsa, dakata ka ga likita.