Harafi ɗaya aka danna, kibod ya rufe

Tambaya: Malam, ina gina manhajar biyan kuɗin makaranta da React, laburaren JavaScript na gina fuskar manhaja. Na rubuta huk (fankshan na musamman a React da sunansa ke farawa da use) mai suna useKati, yana dawo min da ɓangaren da ke naɗe kowane fom cikin kati mai take da launi. Amma a waya, ana danna harafi ɗaya sai kibod ya rufe. Wani ya ce in sa autoFocus, wanda ke kai alamar rubutu cikin akwati da zarar ya bayyana. Litinin zan miƙa aikin, hankalina a tashe yake.

Amsa: Kwantar da hankalinka, gyaran bai kai Litinin ba. Ko ban ga lambar ba na san inda ka ƙirƙiri ɓangaren Kati: a cikin jikin huk ɗin. Duk lokacin da React ya sake zana fuskar, huk ɗin yana sake gudana ya haifi sabon fankshan. Shi kuwa React ba suna yake dubawa ba, yana duba ko fankshan ɗin nan shi ne na ɗazu. Da ya ga sabo ne sai ya rushe tsohon da duk abin da ke cikinsa, ya gina wani. Akwatin da mutum ke rubutu a ciki ya tafi, dole kibod ya bi shi.

Fitar da Kati waje, saman fayil, ya karɓi children, wato abin da za a naɗe a cikinsa. Huk ɗin ya dawo da bayanai kawai, take da launi, ka miƙa wa Kati. In naɗewar HOC kake so, wato fankshan da ke karɓar ɓangare ya dawo da wani da ya naɗe shi, ita ma a wajen ɓangare ake kiranta, sau ɗaya.

Yanzu ga maganar autoFocus, wadda ta ishe ni. Tun da huk ya shigo a React 16.8 a 2019 ake yawo da wannan shawara, kuma kusan kullum sai an kawo min aiki da ita a ciki. Shafa fenti ne a bangon da ya tsage. Kibod na iya daina rufewa, eh, amma rushewar tana nan. Duk useState (ma'ajiyar bayanan ɓangare) da ke ƙarƙashin Kati yana komawa farko. Duk useEffect (aikin da ke gudana bayan an zana ɓangare) yana sake tashi, ko da ka ba shi jerin dogaro fanko don ya gudana sau ɗaya kawai, domin a wurin React sabon shigowa ne. Ka ce manhajar kuɗi kake ginawa. In akwai useEffect a ciki mai tuntuɓar sabar, uba na rubuta sunan ɗansa, harafi goma, kai ka aika buƙata goma. In wadda ke buɗe biyan kuɗi ce fa? Wanda ya ba ka shawarar ba shi zai tsaya gaban iyayen yara ba.

Masu cewa a naɗe Kati da useMemo, huk mai riƙe sakamako don kada a sake ƙirƙirarsa, su ma ba su tsira ba: abin dogaro ɗaya ya canza, an koma gidan jiya, kuma React bai yi alkawarin riƙe abin har abada ba.

Kunna dokar react/no-unstable-nested-components a ESLint ɗinka, manhajar da ke duba kurakurai a lamba; dokar tana kama ɓangaren da aka ƙirƙira a cikin wani ɓangare. Sannan ka buɗe shafin Network a burauza, ka rubuta suna a fom ɗin, ka ƙirga buƙatun da ke fita kafin gyara da bayansa.