Fili a bakin rafi kusa da Kumasi: me zan duba kafin in biya?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce an nuna maka fili a bakin wani ƙaramin rafi a ƙauye wajen Ejisu, kana son gini da lambu.

Kada ka yanke shawara da abin da ka gani a watan Janairu, lokacin rani. Yankin nan damina biyu gare shi, babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar Satumba da Oktoba. Rafukan wajen galibi kogin Oda suke gangarawa, daga nan kogin Offin, sannan kogin Pra, kuma idan Oda ta cika ruwan rafukan komawa baya yake yi ya shiga gonaki. Ka je a Yuni, kashegarin ruwa mai ƙarfi. Duba leda da ciyawa da suka maƙale a rassan itace, nan ne iyakar ambaliya. Inda tukurwa ta yi yawa kuwa fadama ce, ko dillali ya rantse.

Da rani a haƙa rami mita 1, a bar shi ya kwana. In ruwa ya taru, ko ƙasar ta fito laka mai toka-toka da ɗigon tsatsa, bango zai riƙa tsotsar danshi, masai kuma ya cika. Guji gefen waje na lanƙwasar rafin, nan ruwa ke cin gaɓa. Tsarin gwamnatin Gana na 2011 kan kare bakin ruwa ya ce a bar mita 10 zuwa 20 daga bakin ƙaramin rafin da ba ya ƙafewa.

Batun lambu, tambayi manoman wurin ko ana galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta inda rafin ke gangarowa. Ruwan da ya koma launin koko kada ya taɓa ganyen ci.