Tambayoyin Fasaha: Kada ka biya dillalin adireshin intanet kafin ka duba rajista

Tambaya daga wata mai karatu a Tudun Wada: Malam, duk lokacin da na buɗe Google sai ya nuna ina Legas, alhali ina ɗakina a Kaduna. An yi wa wayata kutse ne?

Hajiya, babu wanda ya taɓa wayarki. Kamfanin layinki ne yake fitar da datarki ta na'urorinsa na Legas, adireshin IP ɗin da duniya take gani kuwa, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, na can ne. Ki kunna GPS, taswira za ta maido ki Tudun Wada ba tare da kin biya kuɗin mota ba.

Tambaya daga Barnawa: Muna da ƙaramin kamfanin raba intanet, da kwastomomi kusan 300 tsakanin Barnawa da Narayi. Babban kamfanin da muke sayen layi a wurinsa adireshin IP takwas kacal ya ba mu. Wani a zauren WhatsApp ya ce zai sayar mana da /24 a kan dala 30 kowane adireshi, mu biya rabi kafin ya turo. Mu saya?

Alhaji, kada ka tura ko sisi. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, don ba kai kaɗai ba ne. Masu irin sana'arka a garin nan za su hau dogon ƙarfe da tsakar rana su saita eriya ba gargada, amma da an zo maganar takarda sai su miƙa wuya ga duk wanda ya iya zuba Turanci a WhatsApp. Ka yi lissafin da kanka: /24 adireshi 256 ne, sau dala 30, dala 7,680 ke nan. Rabin wannan kake shirin tura wa mutumin da hoton fure ne a fuskar lambarsa?

Ban ce cinikin adireshi ƙarya ne ba. Kasuwa ce ta gaske, kuma ƙaranci ne ya haife ta. Tsohon tsarin adireshin intanet, wato IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 ne gaba ɗaya, kuma tun a Fabrairun 2011 IANA, babbar hukumar da ke rabon adireshin a duniya, ta raba na ƙarshe da ke hannunta. A shekarar ce Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya durƙushe, a kan dala miliyan 7.5. Daga Fabrairun 2024 kuwa Amazon ya fara cajin masu amfani da sabobinsa kuɗi a kan kowane adireshin IPv4. To abu ya zama kadara, kuma duk inda kadara take, 'yan damfara suna nan.

Abin da nake so ka gane shi ne, babu wani abu da za a "turo" maka. Adireshi lambobi ne kawai. Abin da ake saya shi ne sunan kamfaninka ya hau kundin rajista a matsayin mai riƙe da su. Rajistocin nan biyar ne a duniya, tamu ta Afirka ita ce AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Morishus, wadda take wannan aiki tun 2005. Kai da ba za ka sayi fili a Millennium City ba sai ka je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ka tabbatar da sunan wa ke kan takarda, me ya sa za ka sayi adireshi ba ka leƙa kundinsu ba? Leƙawar ma kyauta ce. Ka karɓi lambobin, ka zuba su a WHOIS, shafin binciken kundin rajistar, ka ga sunan da ya fito. Idan ba na mai sayarwar ba ne, magana ta ƙare.

Ko sunan ya yi daidai ma, da sauran rina a kaba. A 2019 asiri ya tonu cewa an karkatar da miliyoyin adireshin Afirka ta hanyar sauya bayanai a cikin kundin AFRINIC ɗin kansa, da yawansu na tsofaffin hukumomi da kamfanonin Afirka ta Kudu ne da suka manta da kayansu. Daga baya aka ƙwato da dama. Wanda ya sayi irin waɗannan ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Saboda haka canjin suna dole ya bi ta hannun rajistar, da takarda daga ɓangarorin biyu, kuɗin kuma ya zauna a hannun amintaccen mai shiga tsakani har sai sunanka ya bayyana. Idan adireshin na rajistar Turai ne, wato RIPE, ko ta Amurka, wato ARIN, kada ka ɗauka za a kawo su Afirka haka kawai. Kowace rajista da ƙa'idarta. Ka rubuta wa AFRINIC ka tambaya tun kafin a fara ciniki. Idan kuwa wasiƙar izinin amfani kawai mutumin zai ba ka, to haya ce yake kira sayarwa, kuma ranar da mai kayan ya ga dama zai janye, kwastomominka 300 su wayi gari babu layi.

Sai kuma tarihin adireshin. Wasu an shekara ana aika saƙonnin damfara da su, sun shiga jerin adireshin da ake toshewa na Spamhaus da makamantansa, ka saya imel ɗin kwastomanka ya daina isa ko'ina. Wasu kuma har yanzu kundayen da ke nuna ƙasa suna ɗauka a Rasha ko Brazil suke, sai manhajar banki ta ƙi buɗewa ga mutumin da ke zaune a Narayi, kai kuma wayarka ta dinga ƙara har tsakar dare. Gyara wannan yana cin makonni, wani lokaci watanni.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mafi yawanku ba ku taɓa ƙwanƙwasa ƙofar AFRINIC ba. Ita ce rajistar da ta fi sauran jimawa da ragowar IPv4 a hannu. Tun Janairun 2020 ta shiga mataki na biyu na tsimi, inda mafi ƙarancin abin da take bayarwa /24 ne, mafi yawa kuma /22, wato adireshi 1,024. Wannan ya ishi kamfani irin naka har da ragi. Za su nemi takardar rajistar kamfani ta CAC, da lasisin hukumar sadarwa ta NCC, da yarjejeniyarka da wanda ke sayar maka da layi, da tsarin yadda za ka yi amfani da adireshin. Akwai kuɗin shiga da na shekara-shekara, da dala ake biya. Gaskiya ne rajistar ta sha fama da shari'o'i a kotunan Morishus, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023, don haka ka shiga da haƙuri. Amma wanda takardunsa suke cikakku ya fi kowa saurin fita. Idan kuma lasisin NCC ɗin ne babu, Alhaji, to ba adireshi ne matsalarka ta farko ba.

Ka haɗa da neman lambar ASN, wato lambar da ake gane layin kamfaninka da ita a intanet, a lokaci guda. Ba tare da ita da BGP ba, wato tsarin da kamfanoni ke sanar da juna hanyar isa ga adireshinsu, adireshin da ka samu ba za su ba ka 'yancin da kake nema ba. Da su ne za ka iya ɗaukar layi daga kamfanoni biyu, idan masu aikin titi suka yanke fayibar ɗaya, ɗayan ya riƙe ka. Da su ne kuma za ka iya haɗuwa da cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, wadda take da rassa a Abuja da Kano. Kada kowa ya sayar maka da abin da bai kai /24 ba da sunan rangwame, domin manyan kamfanonin duniya ba sa karɓar sanarwar da ta gaza haka. Da ka samu, ka yi ROA a ranar, wato shaidar da ke nuna ASN ɗinka ce ke da izinin shelar adireshin, don kada wani ya yi shelar adireshinka a matsayin nasa.

Sannan ga abin da ba na gajiya da faɗa: ka kunna IPv6, sabon tsarin adireshi da ba shi da matsalar ƙaranci. AFRINIC tana ba mai raba intanet babban kaso da ake kira /32, wanda a cikinsa za ka yanka ƙananan kaso na /48 har 65,536, kowane kwastoma da nasa. Google da YouTube da Facebook duk suna kan IPv6, kuma nan ne mafi yawan datar mutanenka take tafiya. Sauran sai ka bi da su ta CGNAT, dabarar da kwastomomi da yawa ke raba adireshin fili guda ɗaya, a kan 100.64.0.0/10, ka ajiye adireshin fili na IPv4 don ofisoshi da asibitoci da otal-otal masu biyan ƙari. Rautar MikroTik ɗin da ke kan teburinka tana iya duk wannan, kai ne ba ka taɓa buɗe shafin ba. Sharaɗi ɗaya: ka riƙa adana bayanan wanda ya yi amfani da wane adireshi, ta wace ƙofa, a wane lokaci. Ranar da jami'an tsaro suka zo da adireshi ɗaya da mutum hamsin suke rabawa, wannan kundin ne zai raba ka da kwanan ofishinsu.

Tambaya daga Kawo: Na saka kyamarorin tsaro a shagona. Ina ganinsu idan ina cikin shago, amma daga gida ba sa buɗewa.

Malam, ka duba adireshin WAN a rautarka, wato adireshin da kamfanin layinka ya ba ta. Idan ya faro daga 100.64 zuwa 100.127, kana bayan CGNAT, buɗe ƙofa a rauta ba zai yi komai ba. Ka nemi adireshin fili daga kamfaninka, ko ka yi amfani da manhajar kamfanin kyamarar. Kuma don Allah ka canja kalmar sirrin da ta zo da ita. Na san har yanzu 12345 ce.

Tambaya daga wani ɗalibi a Unguwar Rimi: Na ji ana sayar da adireshi da dala. Rautar gidanmu tana da 192.168.1.1 zuwa sama, zan iya sayar da waɗanda ba ma amfani da su?

Ƙanena, maƙwabcinka ma irinsu gare shi, haka mai shagon caji na bakin layinku. Duk abin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, an ware shi kyauta ga kowa, kuma ba ya fita intanet. Ka koma ga karatunka, idan ka iya raba /24 gida huɗu ba tare da kalkuleta ba, ka sake rubuto mini.