Gwangwanayen Osaka da naira miliyan 8

Wani mai shigo da kayan gyaran mota daga Japan ya rubuto cewa ɗan yayarsa da ke Osaka ya ga gwangwanaye shida na tsofaffin finafinan Japan marasa magana, yana neman ya tura masa naira miliyan 8 ya saye, wai kuɗin zai ninka kafin shekara ta zagayo.

Alhaji, kayan suna da daraja, wannan ba na musu. Girgizar ƙasar yankin Kanto (inda Tokyo take) ta 1923 da ruwan bama-bamai na 1945 sun cinye mafi yawan finafinan wancan zamani, lokacin da mutum, wanda suke kira benshi, yake tsayawa gefen majigi yana ba 'yan kallo labari da bakinsa. Shi ya sa da aka tsinci wani fim ɗin zane na 1917 a wurin masu sayar da tsofaffin kaya a Osaka a 2007, labarin ya zagaya duniya.

Kuskurenka ɗaya ne: ba ka da komai a hannu sai maganar yaron nan. Wa ya warware faifan ya duba? Asalin na silima ne mai faɗin milimita 35, ko guntun da aka rage aka sayar wa gidaje mai milimita 9.5? Daga hannun wa ya fito, kuma ina takardar? Kai da ba ka karɓar injin mota sai ka ga lambarsa, yau za ka saki miliyoyi a kan hoton gwangwani a WhatsApp?

Na taɓa zama da wani Alhaji da ya tura wa ƙaninsa kuɗin tsofaffin agoguna babu rasit ko ɗaya. Da kaya suka iso rabinsu jabu, ya rasa bakin magana domin uwa ɗaya ta haife su.

Sannan faifan silima mai milimita 35 na wancan zamani na sinadarin naitiret ne, zafi yana lalata shi, idan ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi, don haka kada ka yi tunanin shigo da shi shagonka a watan bazara.

Ka ce wa yaron ya tuntuɓi Ma'ajiyar Finafinai ta Ƙasa da ke Tokyo, ko gidan adana finafinan wasan yara na Kyoto, su duba su ba shi bayani a rubuce. Kafin takardar ta zo, ko sisi kada ya fita daga jarin shagonka.