Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan kalmar gather

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da na ga tambayarki na kasa wuce ta. Kin ce shugabar makarantarku ta turo miki saƙo ta ce "I gather you are not happy with the new timetable", kin buɗe ƙamus kin ga gather tarawa ne, kin rasa me ta tara, kunya kuma ta hana ki tambayarta. Sannan kina son sanin gather za ki sa a sanarwar taron iyaye ko assemble. Wallahi na san wannan ƙuncin, kalmar nan ta taɓa sa ni kuka.

Ki kwantar da hankalinki, babu abin da ta tara. Idan mutum ya ce "I gather" sannan ya ɗora magana a kai, nufinsa na samu labari, ko na fahimta daga abin da ya zo kunnena. Ya tsinci magana nan, ya tsinci can, ya haɗa. Jaridun Najeriya na Turanci kusan kullum sai kin ga "our correspondent gathered that", wato wakilinmu ya samu labarin cewa. To ita ma haka take nufi, ta ji cewa sabon jadawalin bai yi miki ba. Ba faɗa ba ne. Amma ki lura, wanda ya ce miki haka yana gaya miki ne ba daga bakinki ya ji ba. Wataƙila akwai wanda ya kai. Ki san da wa kike hira a ɗakin malamai.

Ni a wata makarantar kuɗi abin ya same ni, lokacin ina sabuwar malama kuma ni ce mai rubuta sanarwa. Na rubuta "All parents should gather together in the school hall on Saturday". Ranar taron malamai mai makarantar ya zaro takardar daga aljihu, ya miƙe tsaye, ya karanta da ƙarfi yana kwaikwayon bakina, wai "gaza tugeza". Ya ce maimaici ne, ai gather ma together ne, jahili kaɗai ke haɗa su. Ya juyo ya tambaye ni a ina na sayi takardar NCE ɗina. A gaban kowa, har da malaman da nake taimaka wa da shirin darasi. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi dariya don su faranta masa. Ya zagaye kalmar da jan biro ya ce a manna takardar a allon sanarwa don ta zama darasi. Kuma aka manna, iyaye suna shigowa suna gani. Ina da goyo a lokacin, na je wajen alwala na tsuguna na yi kuka mai isata, na wanke fuska na koma aji yara suna kallon idona. Ya karɓe aikin sanarwar ya ba wani. Har yau in na tuna muryarsa sai ƙirjina ya yi nauyi. Da ya kira ni ofis ya ce Malama, ga yadda na fi so a rubuta, me zai ragu a jikinsa? Albashin ma sai wata ya yi nisa yake biya, amma yana da ƙarfin tozarta mutum.

Kuma abin takaicin, ba kuskure ba ne. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin Turanci mutumin Wusasa, shi ya share min hawaye. Ya ce 'yata, Turawan da kansu haka suke faɗa. Ya nuna min a littafin addu'o'in cocin Ingila na 1662, kalaman buɗe ɗaurin aure suna cewa "we are gathered together here". Ya ce gather da together ma tushensu ɗaya a tsohon Turanci, shi ya sa suke yawan tafiya tare. Gather ita kaɗai ta wadatar, kuma a sanarwa taƙaitawa ta fi, amma wanda ya ƙara together bai yi laifi ba.

Shi ya koya min abin da ya sauƙaƙa min komai. Mu muna da tara muna da taru, su kuwa kalma ɗaya ke ɗaukar duka biyun. "The women gathered" mata sun taru ke nan. "The women gathered firewood" kuwa mata sun tara itace. Ki duba ko an ambaci abin da aka tara bayan kalmar, shi zai gaya miki wanne ake nufi. Abin da ya wuce kuma gathered ne kawai, ba ta da rikici irin na go da went. Gathering shi ne taron kansa. Za ki kuma ji mota ta "gather speed" idan gudunta na ƙaruwa, ko littafi yana "gather dust" idan an yasar da shi ba mai taɓawa.

Batun sanarwarki, duka biyun daidai ne, sai dai assemble ta fi ƙamshin tsari da umarni. Ita ce ta haifi asambili da yara ke yi da safe a layi, da National Assembly, Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 da ya ba mu 'yancin taruwa ma ita ya yi amfani da ita. Ita ce kuma ake faɗa wa harhaɗa sassan mota ko na inji. Iyaye ba yaranki ba ne da za ki sa su a layi, don haka ni da zan rubuta sai in ce "parents are invited to a meeting" in huta. Convene ta shugaba ce mai kiran zama a hukumance. Congregate ba kasafai za ki buƙace ta ba, sai dai ki gane ta a congregational prayer, sallar jam'i. Kuɗin PTA kuwa collect ake yi, kada ki ce gather.

Don Allah kada ki bar saƙon nan ya kwana ba amsa. Shiru zai sa ta ɗauka gulmar gaskiya ce. Ki same ta ita kaɗai, ki gaishe ta, ki ce Hajiya na ga saƙonki, ga abin da ya dame ni a jadawalin, ki faɗa da bakinki. Kuma in kin rubuta sanarwar ki turo ta nan kafin ki buga, akwai malaman Turanci a cikinmu, ni ma zan duba miki bayan sallar isha'i in sha Allahu.